Launin Dasashi a Gindin Haƙorin Dashe: Wanne Ne Inuwa, Wanne Ne Ciwo?

Ƙarfe a baki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwarzo da Kabo. Tun zamanin da jiragen Kabo Air, kamfanin da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa a 1980, suke jigilar alhazai daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, kai tun ma kafin nan, ake gane wadda ta sauke farali daga murmushinta: haƙorin Makka, na zinari ko na azurfa, yana ƙyalli a gefen baki. Sai dai wannan hula ce kawai ake kifa wa haƙori mai rai, saiwarsa na nan daram. Abin da ya shigo a 'yan shekarun nan daban yake.

A dashe, haƙorin ne babu shi gaba ɗaya, har saiwa. Likita zai tsaga dasashi, ya huda ƙashin muƙamuƙi, ya ɗaura wata ƙusa mai murɗi ta ƙarfen titaniyam, kaurinta milimita 3 zuwa 5, tsawonta galibi tsakanin 8 da 13. A bar ta wata uku zuwa shida ƙashi ya kama ta. Daga nan a ɗaura mata wuya, wato guntun da ke ratsa dasashi ya leƙo waje, a kan wuyan kuma a ɗora farin kan haƙorin da mutane ke gani. Asalin dabarar daga Suwidin take. A 1952 wani likita mai bincike, Per-Ingvar Branemark, ya sa ɗan bututun titaniyam a ƙashin ƙafar zomo don ya ga yadda jini ke gudana, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya manne da ƙarfen ya ƙi saki. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag, bayan wani taro da aka yi a Toronto a 1982 kuma aikin ya bazu a duniya.

A yammacin Kano masu dashe ba su da yawa, don aiki ne na ɗaruruwan dubban naira a kan haƙori guda, kuma aljihun mutum ne ke biya. Akasarinsu 'yan kasuwa ne, da manyan ma'aikata, da iyayen da 'ya'yansu suka ɗauki nauyi. Wasu a cikin birni aka yi musu ko Abuja, wasu sun haɗa ne da tafiyar ganin likita a Alƙahira, Dubai, Indiya ko Turkiyya. Ƙorafin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Bayan shekara ɗaya ko biyu, mutum ya ɗaga leɓe a gaban madubi ya ga naman da ke gindin sabon haƙorin ya yi duhu, ko toka-toka, ko shuɗi-shuɗi, ko ya yi jawur. Wani ya tsorata ya ce ƙarfen ne ke tsatsa a jikinsa. Wani ya ce tunda ba ciwo, ba komai. Dukansu biyu na iya yin kuskure, kuma kuskuren na biyun ya fi tsada.

Kafin a yi maganar sauyin launi, sai an san launin asali. Littattafan koyon likitancin haƙori, waɗanda akasarinsu a Turai da Amurka aka rubuta su, sukan fara da cewa lafiyayyen dasashi ruwan hoda ne mai haske. Je ka kasuwar Getso ka sa mutum goma su yi dariya, ka ga nawa ne za su cika wannan sharaɗi. Sinadarin melanin da ya ba fatarmu launinta yana nan a dasashinmu. Wani nasa ruwan ƙasa ne, wani baƙi ne ƙirin, wani dabbare-dabbare, musamman ta gaba. Wannan halitta ce, ba cuta ba. Alamarta ita ce tun ƙuruciya take, dama da hagu sun yi kusan daidai, a shafe take ba tudu, kuma ba ta sauyawa. A Senegal da Habasha ma har zane ake yi wa dasashi da allura da baƙin fitila don ya ƙara duhu, farin haƙori ya fito.

Wannan duhu na halitta yana da rana, yana kuma da illa ga mai dashe. Ranarsa ita ce yana ɓoye inuwar ƙarfe, abin da ke damun Bature mai siririn dasashi. Illarsa ita ce yana ɓoye jan kumburi, wanda shi ne gargaɗin farko da littafi ya ce a lura da shi. Don haka a bakin Bahaushe ko Bafulatani, tambayar da ke da amfani ba "wane launi ne" ba ce. Tambayar ita ce: haka yake da can, ko sauyawa ya yi? Ya bambanta da na maƙwabcin haƙori? Yana jini? Abin da ya fi sauƙi, wanda kuma da wuya ka ga an yi, shi ne a ɗauki hoton dasashin da waya a hasken rana kafin aiki, a sake ɗauka ranar da aka ɗora kan haƙorin, a ajiye. Ido yana mantuwa.

Mu fara da toka-toka, don shi ne ya fi tayar da hankali alhali sau da yawa shi ne mai sauƙin. Titaniyam ƙarfe ne mai launin toka. Dasashi kuwa ba bango ba ne, haske na ratsa shi. Idan siriri ne, sai ya zama kamar yadi mai shara-shara, duk abin da ke ƙarƙashi sai ya nuna. Masu bincike a Jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan sun auna wannan a 2007. Sun sa kayan dashe iri-iri a ƙarƙashin nama mai kaurin milimita 1.5 da 2 da 3. Titaniyam ne ya fi kowanne sauya launin naman, farin sinadarin zirkoniya bai nuna ba daga milimita 2, a milimita 3 kuwa ido bai iya bambanta ko ɗaya ba. Wato tazarar da ke tsakanin murmushi mai kyau da mai duhu ba ta wuce milimita ɗaya ba. Irin wannan toka ba ta jini, ba ta kumburi, ba ta wari, kuma galibi tun farko take nan. Ba tsatsa ba ce. Titaniyam ba ya tsatsa irin ta kwanon rufi, ko da yake 'yan ɓurɓushinsa kan shiga nama idan an goge shi da injin lokacin aiki, su bar tabo mai duhu.

To me ya sa wani dasashinsa ke sirancewa a wurin? A nan ne halinmu ya shigo. Ƙashin da ke riƙe haƙori don haƙorin yake raye. Da zarar an cire haƙori sai ya fara zaizayewa, kuma bincike ya nuna faɗinsa kan ragu da kusan rabi a cikin shekarar farko, mafi yawan raguwar a wata ukun farko. Ɓangaren da ke wajen leɓe, wanda dama shi ne siriri, shi ke fara tafiya. Mu kuwa ya muke yi? Haƙori ya yi kogo, a sha magani daga kemis har a gaji, a je a cire, wani lokaci a hannun wanda ba aikinsa ba ne, ya ɓalle da guntun ƙashi. Sannan a zauna da giɓi shekara biyar, goma, sai Allah ya hore a tuna da dashe. Likitan da ya tarar da ƙashi ya tsuke yana da zaɓi biyu: ya fara gina ƙashin, abin da ke ƙara kuɗi da watanni, ko ya cusa ƙusar a inda ya samu wuri. Mai gaggawar komawa gida, bizarsa na ƙarewa, shi ne ya fi matsa wa likita ya bi ta biyu. Idan ƙusar ta karkato wajen leɓe, ƙashin da ya rufe ta bai taka kara ya karya ba, to duhu zai biyo baya, daga nan dasashi ya janye sama, wuyan ƙarfen ya fito fili. Tun ran gini ran zane. A ganina yawancin duhun da ake kuka da shi a shekara ta biyu, a ranar da aka huda ƙashi aka saye shi.

Akwai sauyin da ba ya buƙatar dogon bayani. A makon farko bayan aiki wurin kan yi shuɗi ko ruwan ɗorawa saboda jinin da ya kwanta, ya washe da kansa. Ranar da aka ɗaura kan haƙori dasashi kan yi fari fat saboda matsi, ya dawo daidai cikin 'yan mintuna. Tabon ɗinki a dasashi mai duhu kan fito da haske, wani lokaci launin ya dawo a hankali, wani lokaci ya zauna haka.

Ja da shunayya su ne abin tsoro. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori, wanda idan ya daɗe yake zama kanta, tarin ƙwayoyin cuta ne, kuma bai san bambancin haƙorin Allah da na likita ba. Mutane da yawa suna ɗauka tunda ƙarfe ba ya kogo, ba ya buƙatar wanki. Gaskiya ne ba ya kogo. Naman da ƙashin da ke riƙe da shi ne ke cutuwa. Matakin farko kumburin dasashi ne kaɗai: ya yi ja ko ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya ɗan tasa, ya yi jini idan an goga. A wannan mataki ana warkewa sarai idan an tsabtace. Idan aka bari sai ya gangara ƙashi ya fara cinye shi zagaye da ƙusar, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Wasu masana biyu na Jami'ar Gotenbag, Jan Derks da Cristiano Tomasi, sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban a 2015, suka samu kusan kashi 43 cikin 100 na masu dashe suna da matakin farko, kusan kashi 22 kuma ya kai ga ƙashi. Wannan fa a ƙasashen da likitan haƙori ke kusa da gida.

Abin da ya sa cutar ke da wayo shi ne yadda jiki ya riƙe dashe. Haƙorin halitta ba manne yake da ƙashi ba. Akwai wani siririn zare-zaren nama tsakaninsu, cike da jijiyoyin jini da na ji, shi ne ke sa ka san tsakuwa ta shiga shinkafa tun kafin ka tauna ta. Dashe ba shi da wannan. Ƙarfe ne da ƙashi kai tsaye, dasashin ma rungumar wuyan kawai ya yi, bai kafu a jikinsa ba, jinin da ke zuwa wurin kuma bai kai na haƙori ba. Saboda haka kumburi ya fi saurin nutsawa, kuma ba ya zafi sai can an yi nisa. Ba ya ma girgiɗi. Ƙusar da rabin ƙashinta ya tafi tana iya tsayawa ƙyam, a ci tsire da ita. Ranar da ta motsa, an riga an rasa ta. Mu kuma mun saba ciwo ne ke kai mu asibiti, wanda haƙorinsa bai hana shi barci ba ba ya ɗaukar hanyar birni. Wannan ɗabi'a, ko a haƙorin halitta tana cutarwa, a dashe kuwa ita ce ke kashe shi.

Yadda ake ganewa abu ne na minti biyar. Likita zai ɗauko wani siririn ƙarfe marar kaifi mai zanen milimita a jikinsa, ya zura shi a hankali tsakanin dasashi da wuyan dashen, ta gaba, ta baya, ta gefe biyu. Ya zare, ya ɗan dakata. A lafiyayyen wuri ba abin da zai biyo baya. A mai ciwo, bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ka ga jini ya tsattsafo ya bi gefen farin haƙorin, wani lokaci da ɗigon mugunya idan ya danna da yatsa. A nan ne za ka ji mai haƙorin ya ce, "Likita, ai ni ba ya yi min ciwo ko kaɗan." Likitan ya ce, "Haka ne, Alhaji, shi ya sa nake so mu ɗauki hoton ƙashin." Babban taron masana cututtukan dasashi na Turai da Amurka da aka yi a Shikago a 2017 ya tsayar da ma'auni: idan babu tsohon hoto da za a gwada da shi, jini ko mugunya, tare da zurfin milimita 6 ko fiye, da zaizayar ƙashi ta milimita 3 ko fiye, sun isa a ce cutar ta kai ƙashi. A lura da sharaɗin. Wanda ke riƙe da hoton ranar farko ba sai ya jira asarar milimita 3 ba kafin a gane.

Abubuwan da ke hura wutar sanannu ne. Wanda ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙoran farko, ƙwayoyin cutar na nan a sauran haƙoran suna jiran sabon gida. Ciwon suga da ba a kula da shi ba yana hana rauni warkewa, ga shi kuma masu shekarun yin dashe su ne masu shekarun suga, da yawa ba su taɓa gwaji ba. Sigari na yin ɓarna biyu: tana tsuke jijiyoyin jini har dasashi mai ciwo ya ƙi yin jini, ta rufe alamar, tana kuma sa dasashin gaba ya ƙara baƙi, baƙin da kan ɗauki shekaru kafin ya ragu bayan an daina. Taba gari da ake dannawa a bayan leɓe tana ƙona wurin da take zama, ta sa dasashi ya janye. Sai wani abu da ba laifin mai haƙori ba ne: idan da gam aka manne kan haƙorin maimakon a ɗaure shi da ƙaramin noti, ragowar gam ɗin kan maƙale a ƙarƙashin dasashi inda ido ba ya kaiwa, datti ya taru a kansa. Goro dai an fi ɗora masa laifin da ba nasa ba. Yana rina haƙori da haƙorin roba, amma jan da yake bari a dasashi kurkure baki ke tafiya da shi.

Ba kowane duhu da ke kusa da dashe ne na dashen ba, kuma likitan da ya tsaya kallon ƙusa kaɗai zai iya tsallake babban abu. Tsohon cikon azurfa, idan ɓurɓushinsa ya faɗa ramin haƙori lokacin cirewa, yana barin tabo shuɗi-baƙi da ba ya girma, ba ya cutarwa. Wasu magunguna idan an daɗe ana sha suna rina cikin baki, daga ciki har da kulorokwin, da minosaikilin, da zidobudin na masu cutar ƙanjamau. Dasashin da ya koɗe ya yi fari ko'ina na iya nuna ƙarancin jini. Duhun da ya bazu a baki da tafin hannu tare da kasala da rama na iya fitowa daga lalacewar wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda, abin da tarin fuka kan jawo. Sai dalma. Tun 1840 wani likitan Landan, Henry Burton, ya bayyana siririn layi shuɗi-baƙi da ke bin bakin dasashin wanda dalma ta taru a jikinsa. Arewa ta san dalma da mugun sani: a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Duk wanda ya yi aikin haƙar zinari, ko fasa tsohon batirin mota, ya ga irin wannan layi a gindin haƙora da yawa ba ɗaya ba, gwajin jini yake buƙata, ba likitan dashe ba. Na ƙarshe shi ne wanda ba a cika gani ba amma ba ya jira: tabo baƙi guda, sabo, gefensa ba daidai ba, yana faɗaɗa ko yana tasowa, musamman a ganɗa ko dasashin sama. Wannan sai an yanki ɗan nama an auna, don yana iya zama ciwon daji.

A gidajen da ba a taɓa jin sunan dashe ba ma, duba dasashi na da amfani. Ƙaramin yaro mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, idan dasashinsa ya kumbura yana jini yana wari, ya fara duhu, to a ranar za a kai shi asibiti. Haka cutar noma mai cin fuska take farawa, wadda saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023 bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan.

In don yawan mutane ne, baƙin layin da aka fi gani a Garo da Kutama da Lakwaya ba a gindin dashe yake ba, a gindin haƙorin Makka yake. Ɗaga leɓen Hajiyar da ta shekara goma da nata ka duba inda bakin hular ya haɗu da nama. Sau da yawa za ka ga ɗan tudu da farce ke iya kamawa, ƙarƙashinsa kanta ta taru, dasashin ya yi zobe mai duhu, yana jini in an taɓa. Hular da ba a auna ta da bakin mai ita ba ba ta zama daidai, kuma ba duk abin da ke ƙyalli ne aka yi da zinari tsantsa ba. Gaurayen ƙarfe mai araha yana narkewa kaɗan-kaɗan a cikin yawu ya rina nama. Ba yau aka san ƙarafa sun bambanta a jiki ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinari. Ba ina cewa a daina haƙorin Makka ba, ba ni da wannan hurumin, kuma ba mai saurarena. Amma a ƙarƙashin hular akwai haƙori mai rai da ke iya ruɓewa a ɓoye, ya kamata a riƙa kai shi ana dubawa.

Abin da mutane ke yi da kansu idan sun ga duhu shi ne ya fi ba ni takaici. A dirje wurin da gawayi ko toka ko gishiri, wai a kankare baƙin. Baƙin ba a sama yake ba, dirzar kuwa ƙara sirantar da naman take, ƙarfen ya ƙara fitowa. A danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, ta ƙone shi ya yi fari ya saɓule. Ruwan batir da wasu ke ɗigawa a kogon haƙori ba ma a magana. A sayi filajil da amfikulos a kemis, kumburi ya lafa mako biyu, dattin na nan inda yake. Ruwan kurkure baki mai kuloheksidin yana da amfani na ɗan lokaci, amma idan aka zarce da shi sai ya rina haƙora da harshe ruwan ƙasa, a ƙara rikicewa. Asuwaki abu ne mai kyau, sunna ce kuma, sai dai bakinsa ba ya shiga tsakanin dashe da maƙwabcinsa, inda cutar ke farawa. Wurin yana buƙatar zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora, kullum. Tsinken tsintsiya da allura ba sa cikin lissafi.

A hannun likita, magani na bin sanadi. Inuwar ƙarfe ce kawai, a can cikin turame inda ba mai gani? A bar ta, kuɗin ya yi wani amfanin. A gaba take tana hana dariya? Ana iya sauya wuyan da na zirkoniya ko titaniyam da aka rina ruwan zinari, ko a yanko ɗan nama daga ganɗar mutum a cusa ƙarƙashin dasashin ya yi kauri. A nan akwai abin da Musulmi zai so ya sani tun kafin a kwantar da shi: garin ƙashin da ake cike gurbi da shi sau da yawa daga saniya ake samo shi, wasu daga cikin fatun da ake rufe shi da su kuwa daga alade. Akwai madadinsu, naman jikin mutum ko na haɗin sinadari. Hukuncin na malamai ne, amma tambayar haƙƙin mai jiki ce, kuma likitan Istambul ko Delhi ba lalle ya kawo zancen da kansa ba. Idan kumburin bai wuce nama ba, a kwance kan haƙorin, a kankare datti da ragowar gam, a gyara siffarsa yadda buroshi zai shiga. Idan ya kai ƙashi, sai an buɗe dasashi an wanke murɗin ƙusar, wani lokaci a yi ƙoƙarin cike ramin, kuma sakamakon ba shi da tabbas, cutar kan dawo. Ƙusar da aka dasa a karkace sosai, ko wadda ta fara motsi, cirewa ce maganinta. Bayan cirewa ba dole ne a sake dashe ba. Haƙorin roba mai cirewa, ko gada da ake ɗorawa a kan haƙoran gefe, ba abin kunya ba ne, kuma ga wanda ba zai iya zuwa dubawa a kai a kai ba, ni ina ganin su ne suka fi masa.

Zuwa dubawar nan shi ne ainihin matsalar yankin. Daga Gwarzo zuwa birni tafiyar kusan kilomita 70 ce, ta Rimin Gado da Janguza, Kabo ta ɗan fi kusa. Ƙwararrun dasashi da na tiyatar baki suna can, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Bayero ke samun horo, da sashen haƙori na Asibitin Murtala, da asibitocin kuɗi. Mai dashe yana buƙatar a duba shi aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara har iyakar rayuwar dashen, mai suga ko mai tarihin ciwon dasashi fiye da haka. Wanda zai kashe wannan kuɗi ya kamata ya sa kuɗin motar waɗannan shekaru a lissafi tun farko. Ba komai ne sai birni ba. Gwajin suga da na yawan jini ana yin su a Babban Asibitin Gwarzo da makamantansa, kuma ya kamata a yi na suga kafin a je wajen mai dashe, ba bayan dasashi ya kumbura ba.

Sai takarda. Kamfanonin da ke ƙera dashe sun kai ɗaruruwa, kowanne da siffar wuyansa da notinsa da abin kwance shi. Kayan Straumann ba sa hawa na Nobel Biocare, na Osstem ma dabam suke. Wanda aka yi wa aiki a Alƙahira ya dawo da rasit kaɗai, ranar da dasashinsa ya yi duhu, likitan Kano zai tsaya yana kallon hoton ƙashi yana ƙoƙarin cankar wane kamfani ne, kafin ma a zo ga yadda za a samo wuyan da ya dace. Kafin a bar asibitin da aka yi dashe, a karɓi katin da ke ɗauke da sunan kamfani, da samfuri, da kauri da tsawon ƙusar, da lambar haƙorin da aka dasa, a tambaya ko da gam aka manne kan ko da noti, a kuma sa su turo hoton ƙashin ranar ƙarshe a waya. Idan tsoho ne aka kai, ɗan da ya raka shi ya riƙe kwafi.